Kimiyyar Allo Ta Ishe Mu a Ƙasar Gumel

A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya, saboda maganin ƙwarin da ta riƙa tararwa a jikinsa. Maganin nan kowa ya san shi daga Gumel har bakin iyaka, fiya-fiya ne, wanda ake sayarwa a ƴan kwalabe ranar kasuwa. Ƙa'idar Turawa ita ce kada ya wuce miligiram 0.01 a kowane kilo na wake. An samu namu da ya kai 4.6, wato ninki 460. Suka rufe ƙofarsu, muka ci gaba da dafa abinmu muna ba yara.

Yanzu ka tare ɗalibin ajin ƙarshe na sakandare a Maigatari ko Sule Tankarkar, ɗan ajin kimiyya, ka tambaye shi me ya sa aka ƙi wakenmu. Zai sunkuyar da kai. Amma ce masa ya kawo maka sinadarai ashirin na farko a jadawalinsu, sai ya zubo su a jere ba gargada. Ga shi kuwa wataƙila da hannunsa ya taya mahaifinsa yayyafa maganin a buhu bayan kaka. An ɗauki yaro shekara shida ana kiran abin da ake yi masa koyar da kimiyya, ba a taɓa haɗa masa allon aji da rumbun gidansu ba. Wannan zalunci ne, kuma da kuɗin jama'a ake yin sa.

A duba yawan darasin da ke kwance a buhun wake guda. Akwai lissafi: idan buhu kilo 100 ne, abin da ƙa'idar ta yarda da shi miligiram ɗaya ne rak a buhun gaba ɗaya, yaro ya auna wannan da murfin kwalbar da ake tsiyayawa. Akwai ilimin halittu: ƙwaron wake tun daga gona yake saka ƙwai, tsutsar ta shige cikin ƙwayar tana ci daga ciki, shi ya sa manomi ke ɗaure buhu lafiya lau ya buɗe ya tarar da gari. Akwai yadda gubar ke taɓa jijiyoyin ƙwaro ta kashe shi, kuma ta wannan hanyar take taɓa na ɗan Adam. Sannan ga mafita da aka daɗe da samu: buhun nan mai leda biyu a ciki, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi aka yaɗa a Afirka ta Yamma daga 2007. Ba ya buƙatar magani ko ɗigo. Ana ɗaure shi tam, ƙwarin su shaƙe ɗan iskar da ta rage, su mutu. Malamin da ba shi da ɗakin gwaje-gwaje zai iya nuna wannan da gorar ruwa biyu da tiyar wake, a toshe ɗaya a huda ɗaya, a ajiye su a ofishin shugaban makaranta wata guda, yara su zo su ƙirga ramukan da idonsu.

Daga nan sai a shiga inda darasin ya fi daɗi, wato gardama. Laifin wa? Na manomin da ke tsoron asarar abincin shekara? Na ɗan kasuwar da ke tara buhu ɗari yana jiran tsada? Na mai sayar da maganin da bai iya karanta takardar jikin kwalbar ba, ko na hukumar da ta bar shi yana sayarwa? A bar yara su yi musu, amma da sharaɗi: duk wanda ya faɗi magana ya kawo hujja. Yaron da ya saba a ce masa "ina hujjarka?" tun yana aji uku, zai yi wuya wani ya zo da lasifika a bayan mota ya sayar masa da maganin da ke warkar da cuta arba'in.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, a ƙasar nan tamu aka kafa yankin ciniki maras haraji na Maigatari tun zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, aka ce nan za a riƙa sarrafa kaya ana fitarwa duniya. Gwamnatoci sun zo sun wuce, kowacce da alkawarin farfaɗo da shi. Kullum maganar ita ce hanya, lantarki, masu zuba jari, da rufe iyaka, kamar yadda aka yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka kuma maimaita bayan juyin mulkin Nijar na 2023. Duk gaskiya ne. Amma kasuwar duniya ta yau da awo take ciniki: ɗanshi nawa ne a riɗin, akwai ragowar magani ko babu, akwai ƙwaro ko babu. A 2018 Meziko, wadda ita ce babbar mai sayen zoɓonmu, ta dakatar da karɓa saboda ƙwaron da ta gani a cikin kaya, farashi ya karye a hannun manoma da matan da ke tsince shi. Sai a 2024 aka buɗe cibiyar turara zoɓo da magani a Maigatari. Madalla. To wa zai riƙe na'urorin? Wa zai auna, ya rubuta sakamako, ya sa hannu? Idan makarantunmu suka ci gaba a haka, amsar a bayyane take: za a ɗauko ma'aikata daga wani wuri, ƴaƴanmu su yi dako su ɗinke buhu.

Ranar Alhamis, ranar da kasuwar Maigatari ke ci, shanu da raƙuma da awaki na kwararowa daga Nijar har da ƙasashen da ke bayanta, a loda su a tirela zuwa Kudu. Ana yi wa dabba allura yau, gobe ta shiga mahauta, alhali a jikin kwalbar an rubuta kwanakin da za a jira kafin a ci nama ko a sha nono. A nan ne ya kamata yaro ya fara jin yadda ƙwayoyin cuta ke bijire wa magani. Makarantu na nan kusa da karar, amma ban ga ranar da manhaja ta ware don a kai yara su gani ba.

Sai Majiya. Daren 15 ga Oktoban 2024 tankar man fetur da ta taso daga Kano za ta Nguru ta kife a garin, cikin ƙaramar hukumar Taura, maƙwabtanmu. Mutane suka fito da bokitai da jarkoki. Wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu, aka yi musu kabari na bai ɗaya. Allah ya jiƙansu. Wata uku bayan nan aka sake irinta a mahaɗar Dikko a jihar Neja. Na san abin da za a ce mini: yunwa ce ta kai su, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 lita ta zama dukiya. Haka ne, kuma babu darasin da zai ƙosar da mai jin yunwa. Amma mutum nawa ne a wurin suka san cewa tururin fetur ne ke kamawa, cewa ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa yana malala cikin kwata har inda ido ba ya ganin mai, kuma ƙyastu ɗaya daga nesa ya isa? Da yawa cikin waɗanda suka ƙone kallo suka je, suna ganin sun tsaya nesa. A yankin da ake ajiye jarkokin mai a zaure da bayan ɗaki saboda cinikin bumburutu da na tsallaken iyaka, wannan bayani na minti goma ya fi rabin abin da ke cikin littafin aji huɗu amfani. Ina so a nuna mini takardar da ma'aikatar ilimi ta aika wa makarantu bayan Majiya tana cewa a tsaya a koyar da shi.

Akwai kuma batun da nake zargin da gangan ake kauce masa. Gwamnatin Muhammad Badaru Abubakar ta ware kadada 12,000 a Gagarawa da kewayenta ga kamfanin Lee Group don noman rake da masana'antar sukari, manoma suka yi ta ƙorafi kan gonakinsu da kuma diyya. Masu goyon baya suka ce aikin yi, masu adawa suka ce gadon kakanni. Aka yi ta jifan juna da magana. Ga tambayar da ɗan aji biyar zai iya lissafawa a bayan littafinsa: rake na shan ruwan da ya kai milimita 1,500 zuwa 2,500 kafin a sare shi, daminarmu kuwa da ƙyar take ba da sulusin haka. Milimita ɗaya a kan kadada ɗaya lita 10,000 ce. Idan aka shuke filin duka, a mafi ƙarancin lissafi ana maganar lita biliyan 180 a shekara. Daga ina ruwan zai fito? Idan daga ƙarƙashin ƙasa ne, me zai faru da rijiyoyin ƙauyukan da ke gefe da mashayar makiyaya? Wataƙila kamfanin na da amsa mai gamsarwa. Ni dai abin da nake cewa, al'ummar da ba ta iya yin wannan tambaya ba, ko an zalunce ta ko an kyautata mata ba za ta bambance ba. Kuma ina da yaƙinin akwai masu mulkin da hakan ya fi yi musu daɗi.

Za a ce jarrabawa fa? Ai masu shirya WAEC da NECO ba za su tambayi Gagarawa ba. To ai babu abin da na lissafa a sama da ya fita daga manhaja. Numfashi, ƙonewa, awo, zagayen ruwa, ƙwayoyin cuta, duk suna ciki. Ƙofar shiga kawai nake cewa a sauya. Yaron da ya fahimci abin da ya kashe ƙwaro a cikin gora ba zai manta aikin iskar oksijin a zauren jarrabawa ba, wanda ya haddace kuwa yakan manta kafin a raba takarda.

Za a ce babu kayan aiki, aji ya cika maƙil, malami na fama da kansa. Wannan ma gaskiya ne, kuma ban ɗora wa malamin aji laifi ba. Yadda aka koya masa yake koyarwa: a juya wa yara baya, a cika allo, a ce su kwafa. Laifin na masu tsara manhaja ne a Abuja, da masu sa ido a Dutse da ba sa tambayar komai sai ko an gama jadawalin zango. Makarantun kimiyya na musamman da tsohuwar jihar Kano ta fara a 1977 a Dawakin Tofa da Dawakin Kudu sun fitar da likitoci da injiniyoyi, ba mai musun haka, kuma muna alfahari da ta Lautai a nan Gumel. Sai dai tunanin da aka gada daga wancan tsari shi ne kimiyya ta zaɓaɓɓu ce, masu shirin shiga jami'a. Sauran fa, waɗanda su ne mafi yawa? Waɗanda za su koma gona, su hau babur, su riƙe shago? Yarinyar da za a aurar bayan aji uku, wadda ita za ta yanke shawarar ko a kai jariri rigakafi ko a ɓoye shi a ɗaka? Su aka fi zalunta, don su ne za su yi mu'amala da guba da wuta da cuta ba tare da kowa a kusa da zai yi musu bayani ba.

Sannan harshe. Tun kafin samun ƴancin kai Abubakar Imam da R. M. East suka rubuta Ikon Allah, littafin ilimin halittu da Hausa tsantsa. Yau kuma, bayan an amince a 2022 a koyar da ƴan firamare da harshen uwa, a Nuwamban 2025 gwamnatin tarayya ta soke. Ko ma me dokar ta ce, gardama kan waken gida da rijiyar gari da Hausa za ta yi armashi, daga baya a ba yaro sunayen da zai rubuta a jarrabawa.

Ranka ya daɗe Kwamishinan Ilimi, abin da nake nema bai kai kuɗin fentin aji ɗaya ba. Kwalejin Ilimi ta jiha tana nan Gumel, a tsakiyar duk abubuwan da na ambata. A wajabta wa kowane ɗalibin malanta na sashen kimiyya ya gina darasi ɗaya a kan matsalar garin da aka tura shi koyon aiki, a kuma ba shi maki a kai. A kowane zango a ware mako guda a ƙananan hukumomin Gumel, Maigatari, Sule Tankarkar da Gagarawa don batu ɗaya na gida, a gayyato malamin gona, malamin dabbobi da ma'aikacin asibiti su shigo aji yara su yi musu tambayoyi.

A fara da sanƙarau. Daga ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023 cutar ta ɓarke a jihar Damagaram ta Nijar da kuma Jigawa, kuma Jigawa ce ta fi kowace jiha a Najeriya yawan masu kamuwa, yankinmu na iyaka na gaba-gaba. Yara su san ta hanyar numfashi da cunkoso take yaɗuwa, cewa ƙura da bushewar iska na buɗe mata hanya, cewa zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko kumburin maɗigar jariri, na nufin a nufi asibiti a ranar, don tana iya kisa cikin kwana ɗaya. Kada kuma a ɓoye musu abin da ya sa iyayensu ke ɗari-ɗari da allura. A faɗa musu labarin gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara kusan 200 a Kano a 1996, da shari'ar da ta kai ga biyan jihar dala miliyan 75 a 2009, sannan a nuna musu bambancin gwajin da aka yi a ɓoye da rigakafin da aka tantance, irin wanda Najeriya ta riga kowace ƙasa fara amfani da shi a 2024 mai kariya daga nau'i biyar na cutar. Sanƙarau da rani yake zuwa, daidai zangon karatu na biyu. A sa darasin a makon farko na Janairu.