Kyanwa Ba Ragon Turke Ba Ce

 A gidajenmu mun saba da kiwon turke: a ɗaure rago, a yi ta ba shi dusa da harawa, in ya yi ƙiba a ce kiwo ya yi kyau. Shi ya sa idan muka ga kyanwa ta yi ɓul-ɓul ko karen gadi ya yi teɓa, sai mu ce ai suna samun kulawa. Amma rago don nama ake kiwonsa. Su kuwa so muke su daɗe tare da mu, ƙiba kuma rage musu kwana take yi.

A shekarar 2002 aka fitar da sakamakon wani bincike a Amurka kan karnuka 48 irin waɗanda ake kira Labrador. An raba su gida biyu, aka rage wa rabi kashi 25 cikin 100 na abincin da sauran ke ci. Waɗanda aka rage wa abinci sun fi 'yan uwansu daɗewa da kusan shekara biyu, ciwon gaɓoɓi kuma bai kama su da wuri ba. Ita ma kyanwa mai ƙiba ta fi saurin kamuwa da ciwon sukari.

To, yaya za mu gane? Mu shafa gefen ƙirjin dabbar. Idan sai mun danna sosai kafin mu ji haƙarƙari, kitse ya yi yawa. Mu kuma kalle ta daga sama, ya kamata a ga ƙugu ya ɗan tsuke. Amma a lura: idan ciki ya kumbura alhali haƙarƙari a fili yake, wataƙila tsutsar ciki ce, ko kuma dabbar na da ciki. Wannan sai likitan dabbobi.

Yawanci mu ne silar ƙibar. Umma ta zuba mata ragowar shinkafa da mai, ƙane ya jefa mata kitsen nama, mu ma mu ƙara, kowa yana zaton shi kaɗai ya ba ta. Ga shi kyanwa mai cin nama ce, tuwo ba ya biya mata buƙata. Albasa da tafarnuwar da ke cikin miya kuwa suna lalata jinin kyanwa da na kare.

Gyaran yana farawa da sikeli. Ka hau kai kaɗai, ka sake hawa riƙe da kyanwar, sai ka debe lamba ta farko daga ta biyu. Ka rubuta a bayan littafinka kowane mako. Mutum ɗaya a gida ya ɗauki nauyin ciyarwa, da kofin awo ɗaya, sau biyu ko uku a rana. Ragin kashi 1 cikin 100 na nauyi a mako ya wadatar. Ga lissafi: kyanwa mai kilo 6 za ta rage giram 60 ke nan a mako.

Kada a kuskura a hana kyanwa abinci don ta rame da sauri. Idan mai ƙiba ta yi 'yan kwanaki ba ta ci ba, kitse na taruwa a hantarta, kuma hakan na iya kashe ta. Sannu ba ta hana zuwa.

Sai motsa jiki. A ɗaura tsumma a zare a ja, ta yi ta bi na minti 10, safe da yamma. Kare kuwa a fita da shi da igiya da sassafe ko bayan rana ta yi sanyi, domin mai ƙiba bai jure zafi.

Kafin a fara, iyaye su raka mu asibitin dabbobi mafi kusa. Masu zama a Zariya, Sakkwato da Maiduguri suna da asibitocin koyarwa na jami'o'insu. A can za a faɗa mana nauyin da ya dace da yawan abincin da za a riƙa aunawa.

Sai mun haɗu mako mai zuwa.