Cin Rani Ba Ya Sauke Haƙƙin Aure

Muna jan hankalin 'yan'uwa Musulmi ga wata ɓarna da ta zama ruwan dare a ƙauyukanmu. Da an gama girbi sai magidanci ya liƙe rumbu, ya nufi Legas ko Fatakwal, wani ma ya bi ta Agadas zuwa Libiya. Ya bar mace da 'ya'ya da 'yan tiyoyin gero. Ita ce ɗibar ruwa, ita ce neman itace, ita ce kai yaro asibiti da kuɗin ƙuli-ƙulinta. In ya yi aike, hannun uwarsa ko wansa kuɗin ke faɗawa, matar kuwa sai ta roƙa.

Ba mu hana neman halal ba. Abin da muke ƙi shi ne a yi zalunci a sa masa suna haƙuri. Ci da sutura da kwana haƙƙinta ne, ba sa faɗuwa don miji ya hau mota. An ruwaito cewa Sayyidina Umar (RA) ya tambayi 'yarsa Hafsa iyakar jimirin mace, sannan ya yanka wa mayaƙa wa'adin komowa gida. Mayaƙa fa, masu jihadi! To ina ga mai shayi a Agege da ya shekara 3 bai leƙo ba?

Malaman da ke lallashinta sun sani sarai cewa a mazhabar Malikiyya, in ciyarwa ta yanke, tana da ikon kai ƙara gaban alƙali har a raba auren. Don me suke ɓoye mata wannan?