Allon Madannai Mai Haɗiyar Takarda

Tun a shekarun 1990, sa'ad da kamfanonin Visioneer da Compaq na Amurka suka fito da allon madannan kwamfuta wanda aka dasa wa na'urar ɗaukar hoton takarda, masu aikin ofis a gida suka yi zaton an raba su da cunkoson tebur, domin kuwa da zarar mutum ya zura wasiƙa a tsagar da ke bayan madannan, sai na'urar ta ja ta, surarta ta bayyana a fuskar kwamfuta. Hikima ce, babu shakka, amma a nawa ra'ayi naƙasarta ta rinjayi fa'idarta. Warƙa ɗaya-ɗaya na'urar take karɓa. Littafi mai bango ba ya shiga, balle tsohuwar takardar gado da ta fara rududdugewa, wadda mai hankali ba zai yarda ya miƙa wa inji ba. Sa'an nan in ɗaya daga cikin allon da na'urar ya sami illa, duka biyun ake kai wa mai gyara, aiki ya tsaya cik. Wanda bukatarsa ba ta wuce 'yan takardu a mako ba, kyamarar wayarsa ta wadatar da shi. Ya adana kuɗinsa.