Gyara Kayanka Ba Ya Zama Sauke Mu Raba

'Yan'uwa malamai, duk ranar da aka ce masu duba makarantu na tafe, kowa ya san abin da ke biyo baya: a share harabar makaranta, a cike rajista, a kwana ana rubuta shirin darasin da aka bari ya taru. Baƙon ya iso, ya duba sa hannu da kwanan wata, ya rubuta sunansa a littafin baƙi, ya kama hanya. Ba wanda ya tambayi abin da ya shiga kan yaro. Ra'ayina shi ne, duba aiki na gaskiya haƙƙin malami ne da ya kamata ƙungiyarmu ta nema kamar yadda take neman albashi da ƙarin girma. Hujjata zan ɗauko ta daga nesa, daga wani tsari na ƙasar Amurka.

A can akwai shirin da ke ba ɗaliban manyan azuzuwan sakandare damar karanta darussan shekarar farko ta jami'a, irin su kalkulas da ƙididdiga, ba tare da sun bar makarantarsu ba. Malaminsu na sakandare shi ke koyarwa, amma sakamakon yana shiga takardar shaidar jami'a, tamkar a zaurenta aka yi karatun. Jami'ar Connecticut ta fara irin wannan shiri tun 1955, Jami'ar Syracuse ta bi sahu a 1972. A 1999 masu gudanar da waɗannan shirye-shirye suka kafa ƙungiyar NACEP, wadda ke shimfiɗa ƙa'idoji tana kuma tantance waɗanda suka nemi shaidarta.

Tun da sunan jami'a ne a kan takardar, ba ta yarda ta rufe ido. Sashen lissafi yakan ware ɗaya daga cikin malamansa ya zama mahaɗi tsakaninsa da malamin sakandare. Shi ke duba manhaja ya tabbatar ta yi daidai da wadda ake bi a jami'a. Shi ke kwatanta tambayoyin jarrabawa da yadda ake ba da maki, domin kada makin da aka samu a sakandare ya zama mai arha. Yakan je ya zauna cikin aji ya ga darasi da idonsa. Sannan duk shekara ana tara malaman a yi musu bita a kan fannin kansa.

Abin lura a nan shi ne wanda ake turawa. Masanin lissafi ne ke duba malamin lissafi, kuma mutuncinsa a ɗaure yake da na wanda yake dubawa. Lissafi kamar ginin ƙasa yake, kowane sahu a kan na ƙarƙashinsa yake zaune. Idan aka ba ɗalibi shaidar cin kalkulas na farko alhali bai iya ba, asiri zai tonu ne a kalkulas na biyu, a ajin shi wannan malamin jami'a ko na abokin aikinsa. Don haka ba ya zuwa domin ya kama mai laifi. Yana zuwa ne domin kada bango ya faɗo wa kowa.

Sai dai tsarin bai rasa tuntuɓe ba, kuma tuntuɓen ya fi nasarar koyar da mu. A 2015 hukumar HLC, wadda a lokacin take tantance manyan makarantu a jihohi 19, ta jaddada cewa duk mai koyar da irin waɗannan darussa sai ya mallaki digiri na biyu a fannin da yake koyarwa, ko kuwa digiri na biyu a wani fanni tare da kiredit 18 na karatun gaba da digiri a fannin nasa. Malamai da yawa digirinsu na biyu a fannin ilimi yake, ba a tsantsar lissafi ba. Mutanen da suka shekara da shekaru suna fitar da ɗalibai nagari suka wayi gari takardarsu ba ta kai ba, makarantun karkara kuwa suka fuskanci rufe darussan baki ɗaya. Dole aka yi ta ɗage wa'adin, jihohi irin su Minnesota da Indiana kuma suka fitar da kuɗi domin malamai su cike wannan karatu ba da aljihunsu ba. Wanda ya ɗaga ma'auni, shi ke da alhakin buɗe hanyar kai wa gare shi.

Kada a ce wannan zancen Turawa ne kawai. Muna da danginsa a gida. Tun cikin shekarun 1970 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke kula da shirin IJMB: ana karatun a kwalejoji dabam-dabam, ita ke tsara manhaja da jarrabawa, wanda ya ci kuma yana iya shiga aji biyu na jami'a kai tsaye. Da yawa daga cikinmu da suka ƙaro digiri a kwalejin ilimi, da sunan wata jami'a aka ba su shi, bayan malamanta sun duba tambayoyi da makin da aka bayar. Ashe mun yarda cewa ya dace masani ya duba aikin ɗan'uwansa a saman bene. Me ya hana mu yarda da haka a wajen harsashi?

A shekaruna na koyarwa, sau ɗaya tak mai duba aiki ya zauna a bayan ajina daga farkon darasin lissafi har ƙarshensa. Wani dattijo ne, tsohon malamin lissafi. Ranar muna tara rabi da sulusi, yara da dama suka kawo biyu bisa biyar, domin sun tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Na soke, na rubuta biyar bisa shida, na maimaita ƙa'ida. Bayan an tashi ya ja ni gefe ya ce, "Malam, ka gyara amsar, amma ba ka gyara tunanin ba. Gobe ka tambaye su: mai rabin rake, aka ƙara masa, zai koma da abin da bai kai rabi ba?" Washegari na zo da kara na yanka shida, yaran da kansu suka gano cewa biyu bisa biyar bai ma kai rabin da aka fara da shi ba. Wannan magana ta minti biyar ta fi mini tulin sa hannun da aka yi a littattafaina.

Na san fargabar wasu 'yan'uwa, kuma ba ta banza ba ce. Mun ga inda duba aiki ya zama bulala, ko hanyar canza wa mutum wurin aiki saboda wata ƙullalliya. Wasu kuma za su ce, wanda ke fama da aji cike maƙil babu alli, ina ruwansa da mai leƙe? Amsata ita ce, gudun dubawa ba zai hana a duba mu ba. Zai dai bar wasu su yanke yadda za a yi, mu kuwa ba mu a wurin.

Saboda haka ina roƙon shugabannin wannan reshe su kai wa hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma da ta jiha buƙatu huɗu. Na farko, mai duba darasin lissafi ya kasance ya karanci lissafi kuma ya taɓa koyar da shi. Na biyu, ya zauna har darasi ya ƙare, ya tattauna da malamin, ya ba shi kwafin rahoto da damar rubuta nasa bayanin. Na uku, a raba rahoton gyara da takardar ladabtarwa. Na huɗu, duk sabon sharaɗin takarda da za a ɗora wa malami ya zo tare da wa'adi mai ma'ana da hutun karatu da kuɗin makaranta.

Kafin hukuma ta amsa, akwai abin da ke hannunmu. Malaman lissafi na sakandaren da ke karɓar yaranmu 'yan ƙungiya ɗaya ne da mu. Mu gayyace su azuzuwanmu ko da sau ɗaya a zango, mu ma mu je nasu, mu ga inda ɗalibanmu na jiya ke tuntuɓe. Allah Ya ba mu ikon karɓar gyara, Ya kuma ba masu gyaran ikon yin adalci.