KURA DA SHAN BUGU, GARDI DA KARƁAR KUƊI

Jama'ar Indabo da sauran garuruwan ƙasar Wudil, maganarmu ta wannan mako a kan hodar iblis ce, watau koken, da irin ta'adin da ta ke yi wa ƙwaƙwalwar ɗan Adam. Mun san akwai masu cewa ai wannan abin 'ya'yan masu kuɗi ne na Legas da Abuja, ina ruwan manomin dawa da shi? To, su saurara. Haka aka raina kodin, har aka wayi gari a 2017 ana faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa kwalba miliyan 3 a ke shanyewa kullum a Kano da Jigawa. Sai da BBC ta tona asiri a 2018 kana Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Babban titin da ya ratsa Wudil kuwa ba ya tambayar mota abin da ta ɗauko.

Ba za mu yi muku ƙari ba. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya sami mutum miliyan 14.3 masu shaye-shaye a Nijeriya, sama da miliyan ɗaya a Jihar Kano kaɗai, amma masu shan koken wajen 92,000 ne. Kaɗan ne in an gwada da wiwi da tiramol. Sai dai kayan ya canza hanya, ya matso kusa da mu. A ƙasashen Sahel kimanin kilo 13 a kan kama a shekara tsakanin 2015 da 2020. A 2022 sai ga kilo 1,466. A Janairun wannan shekara ta 2022 aka kama magajin garin Fachi na Jamhuriyar Nijar da fiye da kilo 200 a cikin motarsa. Duk hanyar da buhu ya bi, lalle wani abu ya zube.

Me hodar ta ke yi in ta shiga? A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari da likitoci su ke kira dofamin. Shi ne a ke saki sa'ad da mayunwaci ya sami tuwo, ko manomi ya ga amfanin gonarsa ya yi kyau, ko uba ya ji kukan jaririnsa na fari. Aikinsa shi ne ya gaya wa mutum: wannan abu ya yi, ka sake nemansa. Da ya isar da saƙo sai jijiyar da ta sake shi ta janye abinta ta wasu 'yan ƙofofi, don kada ya yi yawa. Mai noman rani ya san wannan: a kan saki ruwa a fangalin albasa, in ya sha a datse, abin da ya yi saura ya malale. Koken magudanar ta ke toshewa. Dofamin ya taru ya yi ambaliya, mutum ya ji shi ne sarkin duniya, ba barci, ba yunwa, ga surutu. Wannan sarauta ba ta wuce minti 15 zuwa 30 ga mai shaƙa, minti 5 zuwa 10 ga mai zuƙar hayaƙinta. Daga nan sai faɗuwa, sai ƙunci, sai neman ƙari.

Ɓarnar gaske a baya ta ke zuwa. Da ƙwaƙwalwa ta ga ambaliya ta yi yawa sai ta shiga kare kanta, ta rage wuraren da su ke karɓar saƙon. Dakta Nora Volkow da abokan aikinta a Amurka sun ga wannan ragowa a hotunan ƙwaƙwalwar mashaya tun cikin shekarun 1990, har bayan watanni da daina sha. Ma'anarsa ita ce tuwo ya daina daɗi, hira ta daina daɗi, kukan jariri ya zama hayaniya. Mutum ba ya kuma sha don ya ji daɗi, sha ya ke yi don ya ji ya koma mutum. Sa'an nan sashen gaba na ƙwaƙwalwa, na bayan goshi, wanda ya ke auna abu ya ce wa zuciya dakata, shi ma ya yi rauni. Doki ya ƙara ƙarfi, linzami ya tsinke. A 1985 masu bincike biyu, Bozarth da Wise, suka bar ɓeraye su riƙa ɗura wa kansu koken yadda su ke so. Cikin kwana 30 kashi 90 bisa ɗari sun mutu. Ɓera dai ba ɗan iska ba ne, ba kuma rashin tarbiyya ya kashe shi ba.

Wanda ya daɗe a ciki ya kan soma zargin kowa, ya ce ana bin sa, ya ji kamar ƙwari na tafiya a ƙarƙashin fatarsa har ya sosa ya yi wa kansa rauni. Hodar tana matse jijiyoyin jini, tana hau da jini, saboda haka saurayi ɗan shekara 25 ya kan kamu da shanyewar ɓarin jiki ko bugun zuciya irin na tsofaffi. Wani kuma jijjiga ce ta ke kayar da shi. A gida sai a ce iska ce ko sammu.

To, da me mahukunta su ke tarbar wannan ciwo? Da kulki da mai ɗaukar hoto. A jera yara a tsugune, a ɗauke su, a watsa. Iyaye kuwa, da ba su da inda za su, sai su kai ɗansu gidan mari. Mun tuna Satumbar 2019 da 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, waɗansu da sarƙa a ƙafa, da tabon duka a baya. Muna tambaya, wace bulala ce ta taɓa mai da wa ƙwaƙwalwa abin da ta rasa? An kuwa tabbatar cewa ganin tsohon abokin sha, ko lungun da a ke sha, ya isa ya motsa dofamin ya ta da ƙwaɗayin. Watau in an kwance yaro daga mari aka mai da shi lungunsa ba sana'a, ba mai bibiyarsa, an yi aikin baban giwa. Har yau ba a sami ƙwayar da aka amince tana warkar da jarabar koken ba. Abin da ya ke aiki shi ne zama da ƙwararru mako bayan mako, da sa ido, da lada ga wanda gwaji ya nuna ya ƙaurace, da aikin yi. Ƙwaƙwalwa tana farfaɗowa, amma da watanni a ke lissafi.

Masu cewa tsanani kawai shi ne magani su duba tarihi. Ran 10 ga Afrilu 1985 gwamnatin soja ta Janar Buhari ta harbe mutum uku a Kirikiri saboda safarar koken. Aka kafa hukumar NDLEA a 1989. Ga shi a Satumbar 2022 hukumar ta buɗe wani rumbu a Ikorodu ta tarar da tan 1.8 na hodar. Wane talaka ne ya ke da jirgin ruwan da ya ɗauko wannan daga Kudancin Amurka? A Fabrairun shekarar kuma hukumar ta zargi babban ɗan sanda Abba Kyari da hannu a cinikin hodar, aka gurfanar da shi, ya musanta. Ba mu yanke wa kowa hukunci ba, wannan aikin kotu ne. Amma kowa ya ga inda zargi ya kai, ba kuma zauren manomi ba ne. An bar jaki ana dukan taiki.

Saboda haka ga tambayoyinmu ga Gwamnatin Jihar Kano da Ƙaramar Hukumar Wudil. Uban da ɗansa ya ruɗe a Indabo, dole ne sai ya ratsa birnin Kano dukansa ya ɓulla hanyar Katsina kafin ya kai shi Dawanau? Ma'aikata nawa aka horar a ƙasar Wudil don zama da irin waɗannan yara? Nawa aka ware, nawa aka kashe? Masu raba wa samari ƙwaya lokacin yawon neman ƙuri'a, ko daga wace jam'iyya su ke, mutum nawa aka kai gaban alƙali? Mun bar fili a wannan shafi, duk ranar da amsa ta iso za mu buga ta yadda ta zo.