Darasin Masallacin Famagusta Ga Kano

Ɗaliban Kano da suka yi karatu a Famagusta, a arewacin tsibirin Sayifurus, sun san masallacin Lala Mustafa Pasha. Baƙo kan tsaya cak a gabansa, domin fuskarsa ta majami'a ce sak: ƙofofi uku masu tsinin baka, taga mai da'ira, da hasumiyoyi biyu, ɗaya ɗauke da hasumiyar kiran salla.

An fara gina shi a 1298 a matsayin Majami'ar Saint Nicholas, a zamanin sarakunan Lusignan 'yan asalin Faransa, kuma a cikinsa ake naɗa musu sarautar Ƙudus. Salon Gotik ne: nauyin rufin yana sauka a kan ginshiƙai da tokarai na waje, shi ya sa bango ya samu sararin dogayen tagogi. Da Usmaniyawa suka ci garin a 1571, suka cire gumaka, suka shafe zane-zane, suka sa mihrabi a bangon kudu. Majami'ar gabas take kallo, alƙibla kuwa ta wajen kudu take, don haka sahu ya juya, gini bai motsa ba.

Da takobi aka karɓe shi, kuma Kiristocin tsibirin ba su manta ba. Wannan gaskiya ce da bai kamata a ɓoye ba. Amma sallar da aka ci gaba da yi a cikinsa ita ta tsare shi, yayin da majami'u da dama na garin suka zama kufai.

Mu fa? A 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi. Badala na zaizayewa, ana yanka filaye a gindinta. A Zariya, masallacin da Babban Gwani Muhammadu Mikaila ya gina a ƙarni na 19 ya rufta wa masallata a Agustan 2023, rayuka suka salwanta. A nan Nassarawa GRA, tsoffin gidaje da itatuwansu kan wayi gari sun zama filaza.

Ra'ayina shi ne, amfani da gyara ke raya tsohon gini. A ba shi aiki, a ware masa kuɗin yaɓe duk shekara kafin damina, a riƙe maginan gargajiya da albashi. Usmaniyawa sun adana abin da abokan gabarsu suka gina. Mu abin da kakanninmu suka gina da hannunsu muke turawa katafila.