Lamunin Mai Magani Idan Ya Yi Ɓarna

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai. Bayan haka, wata al'ada ta yi jijiya a ƙasar nan. Wanzami ya yi wa yaro kaciya ya wuce iyaka, ko mai kantin magani ya tsira wa jariri allura ƙafa ta shanye, sai dattawa su taru su ce ƙaddara ce, a bar wa Allah. Ƙaddara gaskiya ce, babu mai musunta. Amma malaman da suka karantar da imani da ƙaddara su ne kuma suka rubuta babin diyya.

Imamu Malik, Allah Ya yi masa rahama, ya kawo mas'alar wanzami a cikin Muwaɗɗa: mai kaciya in ya yanke hashafa, diyya ta wajaba, kuma kuskure ne wanda aƙila ke ɗauka, wato danginsa na wajen uba. Muhtasar ya ɗora lamuni a kan mai magani idan ya jahilci aikin, ko ya yi sakaci, ko ya taɓa jiki ba da izini ingantacce ba. Wanda ya san sana'arsa, aka ba shi izini, ya yi ta bisa ƙa'ida, sa'an nan majinyaci ya cika, to, babu kome a kansa. Don haka likitan kirki ba shi da abin tsoro a hukuncin nan.

Fatake su duba lissafi. Risala ta sa diyyar rai raƙuma 100, ko dinari 1,000, abin da ya kai zinariya kilo 4 da kwata. Ido ɗaya rabin wannan, yatsa raƙuma 10, haƙori 5. Abin da ya kai sulusin diyya aƙila ke biya. Wanda ya gaza, daga aljihun mai ɓarnar. Ina wannan, ina ƙwaryar goro da ake kawowa ban haƙuri?

Sharaɗin izini shi ne aka fi rainawa, shi ne kuwa ya kai Kano kotu. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer na Amurka ya yi gwajin maganin Trovan a kan yara 200, rabinsu aka ba sabon maganin, rabi wani sananne. Yara 11 suka rasu, waɗansu suka naƙasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ne ba. Kamfani ya ce ya nemi izini da baki, kuma cutar ce ta yi kisan. A 2009 aka yi sulhu da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Sai 2011, bayan shekara 15, iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowannensu.

Yafewa alheri ce, amma mai haƙƙi ke yin ta da kansa bayan ya san ƙimar abin da zai bari. Uba kuwa ba ya yafe diyyar ƙaramin ɗansa don jin kunyar maƙwabci, gama dukiyar yaron ce. Malamin unguwa da aka kira sulhu ya kamata ya fara faɗin adadin a gaban kowa, a rubuta ranar da sunan mai aikin, a sa shaidu biyu, kafin a shafa fatiha.